Yadda ake yi wa jadawali babban kai mai rufe layuka da yawa a Word

Tambayar nan ta yi ta maimaituwa daga ɗalibai masu rubuta furojet, da malaman makaranta, da masu aikin ofis: ta yaya ake rubuta kai guda a saman jadawali ya rufe layuka biyu ko uku, sannan kowane layi a ƙarƙashinsa ya samu nasa ƙaramin kan? Wasu sun ce sun yi, amma da aka kai wurin bugawa sai komai ya karkace. Wasu kuma dogon maɓallin tazara suke ta dannawa har rubutun ya zo tsakiya, da an canja girman harafi sai ya tarwatse.

Maɓallin da ke yin aikin guda ɗaya ne, sunansa Merge Cells, kuma ba ya cin daƙiƙa biyar. Abin da ke kayar da mutane shi ne lokacin da suke danna shi. Haɗe gidaje, wato ƙananan akwatunan jadawali, aikin ƙarshe ne, sai an gama awo, an zuba alƙaluma, an tabbatar ba a manta da wani layi ba. Wanda ya fara da haɗewa zai sha gyara.

Za mu yi aiki da misali ɗaya daga farko har ƙarshe: jadawalin yawan ɗaliban firamare, aji ɗaya zuwa shida, na shekarun karatu biyu. Kowace shekara tana da Maza, Mata da Jimla a ƙarƙashinta. Layin da ya tafi daga hagu zuwa dama zan kira shi layin kwance, wanda ya sauko daga sama layin tsaye, kowane ɗan akwati kuma gida.

Abin da za ka tanada

Kwamfuta mai Microsoft Word, kowane daga na 2007 zuwa yau, domin yawancin maɓallan ba su canja suna ba, wurin zamansu ne kawai ya ɗan motsa. In ba ka da Word, Google Docs da LibreOffice kyauta ne, kuma na yi bayaninsu a ƙasa. Ka nemi linzami na hannu, wato mouse, in da hali. Zaɓen gidaje uku cif da ɗan allon shafawa na laftof yana da ban haushi, sau da yawa sai ka ja ka haɗa da na huɗu. Sai takarda da biro. Kuɗin da za ka kashe na bugawa ne kawai, kuma wasu shagunan buga takardu sun fi tsadar shafin jadawali a kan shafin rubutu zalla in su za su tsara maka, don haka koyon abin da kanka riba ce.

1. Zana shi a takarda, ka ƙirga daga ƙasa

Kada ka buɗe kwamfuta tukuna. Zana jadawalin da biro yadda kake so ya fito. Babban kai kamar rumfa ce da ta rufe shaguna uku: yawan shagunan ake ƙirgawa, ba yawan rumfunan ba. To haka nan, ƙananan kawuna za ka ƙirga.

A misalinmu akwai Lamba, Aji, sai Maza, Mata, Jimla na shekarar farko, sai Maza, Mata, Jimla na ta biyu. Layukan tsaye 8 ke nan. Na kwance kuma: 2 na kai, 6 na azuzuwa, 1 na jimlar ƙasa, sun zama 9.

Gargaɗi: kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya dubi saman zanensa ya ga abubuwa huɗu, wato Lamba, Aji da shekaru biyu, ya saka layuka huɗu, sannan ya bi gida-gida yana tsagawa uku-uku. Zai yiwu, amma layukan ba sa tsayuwa a kan juna daidai, kuma duk lokacin da aka ƙara sabon aji sai an sake fama.

2. Saka jadawali cikakke

Je Insert, danna Table. Ƙananan akwatunan da za su sauko iyakarsu 10 a tsaye, 8 a kwance, mu kuwa 9 muke so a kwance. Saboda haka ka sauka ƙasa ka zaɓi Insert Table, ka rubuta 8 a Number of columns, 9 a Number of rows, ka danna OK.

Da zarar ka danna cikin jadawalin, sababbin shafukan maɓallai biyu za su bayyana a can dama a sama: Design da Layout. A sabon Word sunansu Table Design da Table Layout. Lura da kyau, akwai wani Layout ɗin na daban a tsakiya, na tsarin takarda ne. Duk inda na ce Layout daga nan, na daman nake nufi, kuma ba ya fitowa sai 'yar alamar rubutu da ke ƙiftawa, wato cursor, tana cikin jadawali. In ka neme shi ka rasa, ka danna cikin kowane gida zai dawo.

Sunan jadawalin, irin su "Jadawali na 1: Yawan ɗalibai", ba a cikin jadawali ake sa shi ba. A samansa ake rubutawa, ko a yi amfani da References, Insert Caption. Akwai New Label a ciki, inda za ka rubuta kalmar Jadawali ta zauna maimakon ta Turanci. In ka cusa sunan a layin farko, zai riƙa binka kowane shafi idan muka zo mataki na 7.

3. Daidaita faɗi, ka kulle shi

Nan ne ake gina abin da zai hana karkacewa daga baya, don haka kada ka yi sauri.

Fara tabbatar da takardar A4 ce, domin Word da yawa suna zuwa a kan Letter, wadda ta fi A4 faɗi kaɗan ta kuma fi ta gajarta. A4 tana da faɗin santimita 21. In gefunan suna kan 2.54 kowanne, abin da ya rage maka na rubutu kusan 15.9 ne. Raba shi haka: Lamba 1.3, Aji 2.6, sauran shidan kowanne 2. Danna cikin layin, je Layout, ka rubuta awon a akwatin Width. In Word ɗinka da inci yake awo, rubuta lambar ka biyo ta da cm, zai juya da kansa.

Layukan da za su zauna ƙarƙashin kai ɗaya ka ba su faɗi iri ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce ka zaɓe su duka shidan ka danna Distribute Columns. Wannan ba don kyau kaɗai ba ne, zai cece ka in ka zo warware haɗi a mataki na 8.

Sannan ka danna AutoFit, ka zaɓi Fixed Column Width. In ba ka yi haka ba, Word zai riƙa faɗaɗa layi da kansa duk lokacin da ka rubuta doguwar kalma, ya matse na kusa da shi.

In layukanka sun haura goma, kada ka ƙanƙance harafi har sai an sa tabarau. Kwantar da shafin. Zaɓi jadawalin duka, buɗe Page Setup, zaɓi Landscape, a wurin Apply to ka ɗauki Selected text. Shafin jadawalin kaɗai zai kwanta, sauran su tsaya yadda suke, ka samu faɗin sama da santimita 24.

4. Rubuta komai kafin haɗewa

A layin kwance na biyu, fara daga gida na uku: Maza, Mata, Jimla, Maza, Mata, Jimla. Maɓallin Tab ne ke kai ka gida na gaba. A layin farko, rubuta Lamba a gida na ɗaya, Aji a na biyu, 2023/2024 a na uku, ka tsallake biyu, 2024/2025 a na shida, ka bar biyun ƙarshe fanko. Gidaje biyun farko na layi na biyu su ma ka bar su fanko. A yanzu abin zai yi kama da wanda ba a gama ba. Ƙyale shi.

Zuba alƙalumanka duka. In akwai jera sunaye bi da bi ko daga babba zuwa ƙarami, yanzu ne lokacin danna Sort, domin Word yana ƙin jera jadawalin da ke da haɗaɗɗun gidaje.

Gargaɗi ga masu son Word ya yi musu lissafi: in ka danna Formula a gidan jimlar ƙasa, zai kawo =SUM(ABOVE), wato ya tara duk abin da ke sama. In ƙaramin kan kalma ce kamar Maza, lafiya lau. Amma in lamba ce zalla, misali 2024, yakan haɗa ta cikin lissafin, sai ka ga makaranta mai ɗalibai ɗari uku ta tashi da dubu biyu da wani abu. Maganinsa ka faɗa masa iyaka da kanka: =SUM(C3:C8), wato layin tsaye na uku, daga na kwance na 3 zuwa na 8. Gidan da babu komai ka sa masa 0. Kuma Word ba Excel ba ne, in ka canja lamba daga baya jimlar ba ta canjawa sai ka zaɓe ta ka danna F9.

Adana fayil ɗin yanzu, ka kuma ajiye kwafi da wani suna. Wannan kwafin da ba a haɗe komai ba shi ne madogararka in shugaban makaranta ya ce a ƙara shekara ta uku.

5. Haɗe gidajen

Sa linzami cikin gidan 2023/2024, danna ka riƙe, ja zuwa dama har gidaje uku su yi duhu. Saki. Danna Merge Cells a Layout, ko ka danna linzami ta dama ka zaɓe shi daga jerin. Ukun sun zama ɗaya. In hannunka na rawa, danna cikin gidan farko, riƙe Shift, ka danna kibiyar dama har ukun su shiga.

Zaɓi ukun da ke gaba, na 2024/2025. Ba sai ka koma neman maɓalli ba, F4 yana maimaita aikin da ka yi na ƙarshe. A wasu laftof sai ka haɗa da Fn.

Saura Lamba da Aji. Su ba su da ƙananan kawuna, don haka a tsaye za a haɗe su. Zaɓi gidan Lamba da fankon da ke ƙarƙashinsa, Merge Cells. Sannan Aji da nasa, daban. Kada ka zaɓi huɗun a tare, za su dunƙule su zama gida ɗaya.

A layin ƙarshe, in kana so kalmar Jimla ta rufe gidan Lamba da na Aji, haɗe su biyun a kwance.

Gargaɗi: in gidajen da ka haɗe duk suna da rubutu, Word ba ya zubar da ko ɗaya, jera su yake ɗaya bisa ɗaya, layin ya kumbura. Shi ya sa muka bar fanko. In ka ga haɗin ya tafi ba daidai ba, Ctrl da Z nan take, kafin ka taɓa wani abu.

Akwai kuma Eraser, wanda ke goge layin da ke tsakanin gidaje biyu ya haɗe su. Yana aiki, amma ni ba na ba mai koyo shawararsa. Hannu ya ɗan goce sai ya share bangon da ba shi ake nufi ba, kuma ba lallai ka lura ba sai a takarda.

6. Zaunar da rubutun

A Layout akwai ƙananan maɓallai tara a jere uku-uku, wurin da aka rubuta Alignment. Na tsakiyarsu, Align Center, shi ke sa rubutu a tsakiya ta kowane ɓangare, sama da ƙasa, hagu da dama. Zaɓi layukan kai biyun ka danna shi, sannan Ctrl da B don harafin ya yi kauri. Ctrl da E kaɗai ba ya isa a nan, domin zai bar Lamba da Aji manne a sama alhali gidansu ya yi tsawo.

In ka danna amma rubutun ya ƙi zama tsakiya, akwai ɓoyayyen abu a gidan. Danna alamar ¶ a Home, ko Ctrl, Shift da 8 tare. Za ka ga ɗige-ɗige inda aka danna tazara, da alamar ¶ inda aka danna Enter. Goge na banza.

Alƙaluma kuwa ka jingina su dama, yadda ɗaya-ɗaya za su hau kan ɗaya-ɗaya, goma-goma kan goma-goma. In ka sa su tsakiya, 8 da 112 ba za su daidaita ba, ido ya sha wahalar tarawa.

Mai karatu yana bukatar ya ga inda shekara ta ƙare wata ta fara. A Design, zaɓi kaurin layi 1½ pt, ɗauki Border Painter, ka bi bangon da ya raba Jimlar farko da Maza na biyu daga sama har ƙasa. Border Painter daga Word 2013 ya fara; a tsofaffi sai ka zaɓi layin ka bi ta Borders. Launin baya kuma ka sa toka mai haske. Shuɗi mai duhu yana burgewa a allo, amma injin bugawa mai baƙi da fari zai mayar da shi dunƙulen baƙi, in aka yi hoton takardar sau biyu rubutun ya ɓace.

In ƙananan kawunan dogaye ne, kamar sunayen darussa a takardar sakamako, Text Direction zai miƙar da su tsaye. Ka yi haka in dole ce kawai, ba kowa ke son karkata wuya ba.

7. Sa kan ya bi jadawali zuwa shafi na gaba

Jadawalin azuzuwa shida ba zai ƙetare shafi ba, amma na sunayen ɗalibai tamanin zai ƙetare, kuma shafi na biyu ba kai ba shi da amfani. Kada ka kwafi kan ka liƙa da hannu. Da an ƙara suna ɗaya a sama, kan da ka liƙa zai gangaro tsakiyar shafi.

Kai linzami gefen hagu, wajen jadawalin, daidai layin farko, har ya zama farar kibiya. Danna ka ja ƙasa, layuka biyun kai su yi duhu tare. Je Layout ka danna Repeat Header Rows. Dole biyun ne, kuma dole a haɗa da na farko. In ka zaɓi na farko kaɗai, shafi na biyu zai nuna shekaru ba Maza da Mata.

In ka danna bai yi ba, duba abubuwa uku. Na ɗaya, danna dama cikin jadawali, Table Properties, ka ga Text wrapping. In yana kan Around, mayar da shi None. Wannan yakan canja da kansa idan ka ja jadawalin da ɗan akwatin da ke kusurwarsa ta sama, kuma shi ne sanadin yawancin ƙorafin da ake kawowa. Na biyu, ko ka danna Ctrl da Enter a cikin jadawali don tura wani layi sabon shafi? Wannan yana raba jadawalin gida biyu, na biyun ba shi da kai. Goge shi, ka danna cikin layin da kake so ya fara sabon shafi, buɗe Paragraph, Line and Page Breaks, ka sa alama a Page break before. Na uku, ka tabbata kana kallon takardar a Print Layout.

Tun da kana cikin Table Properties, zaɓi jadawalin duka, shiga Row, cire alamar Allow row to break across pages, don kada layi ɗaya ya rabu rabi nan rabi can. Kan da ya maimaitu a shafi na biyu ba ya gyaruwa a can, a shafin farko ake gyara shi, sauran su bi.

8. In an ce a ƙara layi bayan ka gama

Ƙarin layin kwance ba matsala: danna cikin aji na ƙarshe, Insert Below. Layin tsaye ne mai rigima, domin babban kan da ke sama ba ya sanin ko sabon nasa ne ko na maƙwabcinsa, sau da yawa sai ka ga bango ya goce.

Warware tukuna. Danna cikin babban kan, Split Cells, rubuta 3 a columns, 1 a rows. Word raba daidai yake yi, shi ya sa in layukan ƙasa faɗinsu ɗaya ne, bangayen za su faɗa kan juna cif. Warware ɗaya kan ma, saka sabon layin, gyara faɗi, ka sake haɗewa. In wani bango ya ɗan goce, riƙe Alt kana jan sa, zai tafi a hankali yana nuna maka awo. In gyaran ya yi yawa, koma kan kwafin da ka ajiye a mataki na 4, ya fi sauri.

In jerawa ce ta taso daga baya, danna cikin layin farko na alƙaluma, Split Table, ka jera na ƙasan, sannan ka goge fankon da ke tsakani su sake haɗuwa.

9. Google Docs, LibreOffice da Excel

Tsarin aikin ɗaya ne, sunaye ne suka bambanta. A Google Docs ka zaɓi gidajen, danna dama, Merge cells. Warwarewa kuma Unmerge cells. Don kai ya maimaitu, danna dama a layi na biyu ka zaɓi Pin header up to this row. A LibreOffice Writer, Merge Cells yana ƙarƙashin Table, maimaita kai kuma yana Table Properties, Text Flow, Repeat heading, ka rubuta 2.

Excel ne ke bukatar hattara. Merge & Center nasa ba kamar Word ba ne: abin da ke gidan farko na hagu kaɗai yake riƙewa, sauran ya zubar, ko da yake yana gargaɗi kafin ya yi. Haɗaɗɗun gidaje kuma suna hana jerawa, suna dagula kwafi da liƙawa. Akwai hanyar da ta fi: rubuta kan a gidan farko, zaɓi ukun, danna Ctrl da 1, shiga Alignment, a Horizontal ka ɗauki Center Across Selection. A ido kamar an haɗe, amma kowane gida yana nan da ransa. A kwance kaɗai yake aiki, ban da tsaye. Maimaita kai wurin bugawa yana Page Layout, Print Titles, ka rubuta $1:$2 a Rows to repeat at top.

In jadawalin na tattara bayanai ne da wani zai zuba a wata manhaja ya yi lissafi, ko kuma makaho ne zai karanta da manhajar da ke karanto allo, ka haƙura da babban kai gaba ɗaya. Yi layin kai ɗaya: Maza 2023/24, Mata 2023/24, haka har ƙarshe. Word da kansa, in ka danna Check Accessibility, yana nuna haɗaɗɗun gidaje a matsayin abin gyara.

10. Kafin ka kai wurin bugawa

Danna Ctrl da P ka duba kowane shafi: kan ya fito a duka, bangon dama bai fita daga takarda ba, layin Jimla bai tafi sabon shafi shi kaɗai ba. In ya tafi, zaɓi layuka biyun da ke samansa, ka sa musu Keep with next a Paragraph, za su raka shi.

Sannan File, Save As, ka zaɓi PDF. Kwamfutar shago ba lallai tana da irin Word ɗinka ko irin harafinka ba, kuma buɗe fayil ɗin Word a waya yakan sauya faɗin layuka. Tafi da PDF ɗin don bugawa, ka riƙe na Word a filasha ko a imel saboda gyara. Ka ce a fara fitar maka da shafin jadawalin guda ɗaya ka gani da idonka kafin a saki sauran kwafin.